Tarin da Ke Ɗauke Numfashi

    Yau maganar tari za mu yi.

Na san wani zai ce, tari kuma? Wane ne bai taɓa yin tari ba? Gaskiya ne. Amma tari suna ya tara. Akwai na mura, wanda ke zuwa ya wuce cikin 'yan kwanaki. Akwai na ƙurar hunturu. Akwai kuma wani daban, wanda duk uwar da ta taɓa ganinsa ba ta mance shi.

Ga yadda yake zuwa. Yaro ya fara tari, ɗaya bisa ɗaya, babu tsayawa. Ba ya samun damar jan numfashi a tsakani. Fuska ta kumbura. Idanu su yi jawur, hawaye na zuba. Harshe ya fito, jijiyoyin wuya su miƙe. Uwa ta rikice, tana bubbuga bayansa tana salati. Can sai ya ja iska da ƙarfi, da wata ƙara mai tsini daga maƙogwaro. Sau da yawa sai amai ya biyo baya, da majina mai yauƙi. Daga nan sai abin ya lafa. Bayan ɗan lokaci ka ga yaron yana wasa da 'yan'uwansa.

To, jama'a, wannan lafawar ita ce ke ruɗin mu. A kanta sharhinmu na yau ya tsaya. Lafiyar da kuke gani tsakanin tari da tari ba warkewa ba ce. Tarin da ke ɗauke numfashi ba na jinya a gida ba ne.

Bari mu fara da sanin ko mene ne shi. Mafi yawan lokuta, idan yaro na irin wannan tari mai sarƙewa har mako biyu ko fiye, abin da likitoci ke fara zargi shi ne tarin shiƙa, wanda wasu ke kira tarin lala. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, 'yar mitsitsiya, ido ba ya ganinta. Wasu masana biyu a ƙasar Beljiyam, Jules Bordet da Octave Gengou, su ne suka fara ware ta a shekarar 1906. Tana bin iska ne, cikin feshin tari da atishawa. A jikin mutum kaɗai take rayuwa. Ba daga dabba take zuwa ba, ba daga ruwa ba, ba daga shan sanyi ba. Daga mutum take fita, ta shiga mutum.

Idan ta shiga, ga ɓarnar da take yi. A cikin hanyoyin iska na ƙirjinmu Allah ya shimfiɗa wasu 'yan gasusuwa ƙanana ƙwarai. Aikinsu kamar na tsintsiya ne. Dare da rana suna share ƙura da majina, suna turo su sama. Ita wannan ƙwayar cuta sai ta manne musu, ta saki dafi, ta kashe musu ƙarfi. Shara ta tsaya. Majina ta taru, ta yi kauri, ta toshe hanya. Jiki ba shi da sauran dabara sai tari. Shi ya sa tarin ke zuwa da irin wannan ƙarfi. Jiki ne ke fafutukar fitar da abin da ya ƙi fita. Ƙarar nan kuma da ake ji a ƙarshe, iska ce ke kutsawa ta maƙogwaron da ya tsuke.

Ku riƙe wannan bayani, domin zai fahimtar da mu abin da ke tafe.

Yanzu mu duba yadda cutar ke tafiya. A nan akwai wani tarko. Bayan an kamu, sai a yi mako guda ko kwana goma babu alamar komai. Sannan ta fara kamar mura. Hanci na zuba, ɗan atishawa, ɗan tari mara ƙarfi. Zazzaɓi ma ba lallai ba ne, in akwai shi to kaɗan ne. Haka za a yi mako ɗaya zuwa biyu. Babu wanda zai ɗaga kai ya duba. Alhali a wannan lokacin ne cutar ta fi yaɗuwa. A wannan lokacin ne kuma magani ya fi yi mata tasiri.

Sai murar ta ja baya, a ce an samu sauƙi. Ashe lokacin ne tarin zai nuna kansa. Ya fi tashi da dare. Kuka na tayar da shi, cin abinci na tayar da shi, hayaƙi na tayar da shi. Wannan mataki kan ɗauki makonni, wani lokaci har shida ko fiye. Bayansa sai a shiga murmurewa a hankali. A jimlace, mutum kan iya yin wata uku yana fama. Ko bayan ya warke, in sabuwar mura ta kama shi, sai tarin ya sake ɗagowa.

Me ya sa yake daɗewa haka? Saboda ɓarnar da dafin ya riga ya yi. Ko an kashe ƙwayar cutar, hanyoyin iskar na bukatar lokaci kafin su gyaru. Don haka idan likita ya ba da magani, aka sha, tari bai tsaya nan take ba, kada a ce maganin bai yi ba. Ya yi aikinsa. Bayan kwana biyar ana shan maganin da ya dace, mara lafiya ya daina yaɗa cutar. Wanda bai sha ba kuwa, zai yi ta raba ta har kusan mako uku daga fara tarin. Kun ga ke nan maganin ba don shi kaɗai ba ne. Har da ƙannensa, har da 'ya'yan maƙwabta.

To, yanzu na zo inda nake so kowace uwa ta ajiye abin da ke hannunta ta saurara. Maganar jarirai.

Yaro ɗan shekara biyar yana da ƙarfin ƙirjin da zai yi tari, ya yi shiƙa, ya yi amai, ya tashi. Jariri ɗan wata ɗaya ko biyu ba shi da wannan ƙarfin. Sau da yawa ba ya yin ƙarar nan. Wani ma ba ya yin tarin kirki. Abin da zai yi kawai, ya ɗauke numfashi. Ya yi tsit. Leɓɓansa da harshensa su sauya launi, su yi duhu ko toka-toka. Jikinsa ya saki. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ya dawo, ya kama nono, ya yi barci. Uwa ta ce ƙwarewa ya yi. Kaka ta ce ai haka jarirai suke. Wata ta ce a yi masa tofi, iska ce ta shafe shi.

Iyayena mata, ba haka jarirai suke ba. Jaririn da ya ɗauke numfashi har launinsa ya sauya, ko sau ɗaya ne, asibiti za a nufa da shi. Ko da tsakar dare ne. Ko da ya dawo garau. Domin ba ku san na gaba ba. Yawancin yaran da wannan cuta ke kashewa jarirai ne. Tana jawo musu limoniya. Tana jawo jijjiga. Ƙarancin iska a ƙwaƙwalwa kan bar wa yaro naƙasa ta har abada. Wani kuma aman ne ke cinye shi. Duk abin da ya sha ya dawo, ya yi ta ramewa har ƙarfinsa ya ƙare.

Masana sun yi kiyasin cewa a shekarar 2014 kaɗai, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 160,000 ne tarin shiƙa ya kashe a duniya. Fiye da rabinsu a nahiyarmu ta Afirka. Yawancinsu ba a rubuta sunan cutar da ta kashe su a ko'ina ba. An ce dai yaro ya yi tari ya koma. Muka yi wa iyaye gaisuwa, muka watse.

Na sake faɗa. Lafiyar da kuke gani tsakanin tari da tari ba warkewa ba ce.

Ga tambaya ta gaba. Jaririn da bai fita ko ƙofar gida ba, ina ya samo ta? Amsar tana da nauyi, amma dole a faɗe ta. A gida ya samo ta. Daga uwa, ko uba, ko yayye, ko kaka, ko wata goggo da ta zo barka.

Mun ɗauka tarin shiƙa na yara ne. Ba haka ba ne. Manya ma suna kamuwa. Kariyar da allura ke bayarwa tana raguwa bayan shekaru. Wanda ya taɓa yin cutar ma kariyarsa ba ta dawwama. Sai dai a jikin babba ba ta cika zuwa da shiƙa ba. Tari ne kawai mai naci. Ya hana shi barci. Ya shaƙe shi a sahun salla, har ya fita waje. Wani ya yi tari har haƙarƙarinsa ya tsage. Wata ta yi har fitsari ya kuɓuce mata, ta yi shiru don kunya. Wani jini ya kwanta masa a farin ido. Wani har ya suma na ɗan lokaci. Duk da haka yana zuwa kasuwa, yana shiga mota, yana cewa ai sanyi ne. A gidan da cutar ta shiga, kusan takwas cikin goma na waɗanda ba su da kariya sai sun kamu.

Yanzu ku tuna yadda muke tarbar jariri. Daga ranar haihuwa gida ya cika. Mata na shigowa barka. Kowace sai an miƙa mata ta ɗauka, ta kai fuska kusa da tasa, ta yi masa addu'a. Ranar suna ɗakin mai jego babu masaka tsinke. Taga a rufe, don kada sanyi ya kama mai jego. Garwashi na ci, turare na tashi. Jariri na yawo daga hannu zuwa hannu.

Ina son wannan al'ada tamu. Zumunci ne, kuma gata ne ga mai jego. Ba na kiran a bar ta. Abu ɗaya nake roƙo. Duk mai tari ko mura, ta yi barkarta daga bakin ƙofa. Ta ajiye sabulunta da turminta, ta yi addu'a, kada ta karɓi jaririn. In an miƙo mata ta ce, a'a, ina tari. Wannan kalma ita ce babbar gudummawarta. Mai jego ba za ta iya hana surukarta ɗaukar jika ba. Kunya ba za ta bar ta ba. Saboda haka nauyin yana kan baƙuwar, yana kuma kan uwar mai jego da ke zaune tana kula da ɗakin. Hajiya, ke kina da bakin faɗa. Ki faɗa.

In kuwa uwar ce da kanta ke tarin, kada ta raba kanta da ɗanta. Ta ci gaba da ba shi nono. Ta rufe baki da hanci lokacin shayarwa, ta riƙa wanke hannu, ta je asibiti a duba ta. Sau da yawa likita kan ba mutanen gidan duka magani, don a tare wa jaririn hanya.

To, mu juya ga abin yi idan tarin ya taso. A zaunar da yaro, a ɗan sunkuyar da shi gaba. Jariri kuma a ɗaga shi a kafaɗa, ko a juya shi ta gefe, don kada amai ya koma masa huhu. A goge majinar da ta fito da ƙyalle mai tsabta. Kada a tura yatsa cikin maƙogwaro. Kada a ɗura masa ruwa yana tsakiyar tari. Kada a jijjiga jariri don ya farfaɗo. Idan ya lafa, a ɗan jira, sannan a ba shi nono ko abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Ciki cike yana saurin dawowa. A nisanta shi daga hayaƙin murhu, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da hayaƙin taba.

Ga wata dabara ta zamani. In akwai waya mai kyamara a gidan, wani ya ɗauki hoton bidiyon yaron lokacin da tarin ya taso. Dalili kuwa, sau da yawa ana isa gaban likita yaro na dariya. Babu zazzaɓi. A saurari ƙirji a ji shi wasai. Sai a ce mura ce, a sallame ku. Wato lafawar nan tana iya ruɗin ma'aikacin lafiya ma. Amma in ya ga hoton, ya ji ƙarar da kunnensa, magana ta ƙare. In babu waya, a yi masa bayani dalla-dalla. Yaushe ya fara? Yana amai bayan tari? Launinsa na sauyawa? Akwai mai tari a gidan? An yi masa allura?

Akwai kuma abubuwan da muka saba yi, waɗanda nake roƙon mu bari. Na farko, gudu kemis a sayo maganin tari na kwalba. Jama'a, wannan ruwan zaƙin ba ya taɓa tarin shiƙa. Wasu ma na sa yaro barci mai nauyi, ga shi dama numfashinsa na neman tsayawa. Mai ɗauke da kodin kuwa, gwamnatin Nijeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi tun shekarar 2018, kuma yana danne numfashin ƙananan yara. Kun kuma ji abin da ya faru a Gambiya a 2022. Yara kimanin saba'in suka rasu da ciwon ƙoda, aka danganta mutuwarsu da gurɓatattun magungunan tari na kwalba da aka shigo da su. Kuɗin da za a zuba a kwalabe uku ya isa kuɗin mota zuwa asibiti.

Sai maganar cire beli. A garuruwanmu da yawa, yaro na yawan tari sai a ce belinsa ne ya sauko, a kira wanzami. Ina girmama wanzamai, sana'a ce ta gado. Amma ku tuna bayanin da muka yi a baya. Matsalar tana can cikin ƙirji, ba a beli take ba. A yanki yaron da ke fama da numfashi a maƙogwaro, jini ya zuba a inda iska ke wucewa, ga ciwo ya hana shi shan nono. An ƙara masa wahala a kan wahala, tarin kuma yana nan daram.

Haka turara yaro da hayaƙin saiwoyi a ƙarƙashin bargo. Hayaƙi shi ne ke tayar da tarin. Zuma tana sanyaya maƙogwaron babba da yaron da ya wuce shekara ɗaya. Amma ba a ba jaririn da bai kai shekara ba, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya yaƙa ba. Addu'a kuwa a yi ta, a yawaita. A yi ta a hanya, ana tafiya asibiti. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa neman magani ba ya rushe tawakkali.

Kafin mu wuce, wani ɗan tsokaci. Ba duk tarin da ke sarƙe numfashi ne tarin shiƙa ba. Akwai asma, mai sa ƙirji ya riƙa fito, wadda ke tsananta da hunturu. Maganinta na shaƙa ne, kuma ba ya kama mutum ya zama jaraba kamar yadda ake tsoro. Akwai tarin fuka, mai zuwa da rama da gumin dare. Duk tarin da ya kai mako biyu a je a gwada kaki. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware. Akwai yaron da yana cikin cin gyaɗa ya ƙware farat ɗaya, daga ranar tari ya ƙi ƙarewa. Mai yiwuwa ƙwayar gyaɗar ce ta faɗa hanyar iska. Akwai ma dattijon da wani nau'in maganin hawan jini ke sa shi busasshen tari. Shi kada ya daina sha da kansa, ya koma wa likita a sauya masa. Kowanne da maganinsa, kuma ba a rarrabe su daga zaure.

Yanzu mu zo ga abin da ke hana cutar zuwa tun farko. Allurar rigakafi.

Wasu mata biyu ne a jihar Mishigan ta Amurka, Pearl Kendrick da Grace Eldering, suka ɗauki wannan aiki a 1932. Lokacin tarin shiƙa na kashe dubban yara a Amurka duk shekara. Bayan sun tashi daga aikinsu na yini, sai su bi gidajen talakawa da dare. Yara na yin tari a kan 'yan faranta na gwaji, su koma da su ɗakin bincike. Kafin ƙarshen shekarun 1930 sun nuna cewa allurarsu na kare yara. Ke nan wannan allura ba baƙuwa ba ce. Ta haura shekara tamanin ana amfani da ita.

A Nijeriya, tun 2012 tana cikin allurar da ake kira Penta, wadda ake yi a cinya. Cuta biyar take tarewa a tsira guda: tarin shiƙa, da mashaƙo, da sarƙewar haƙora, da ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau da limoniya. Sau uku ake yi. Mako shida, mako goma, mako goma sha huɗu. 'Yan'uwanmu na Nijar da Gana, ku ma haka tsarinku yake. Kuma kyauta ce.

Ku lissafa mako shida. Kwana arba'in da biyu ke nan. Wato mai jego na gama arba'in, da kwana biyu ranar allura ta zo. Ba sai an duba kalanda ba. Ga shawarata. Idan za a fita yawon arba'in, gidan farko da za a fara shiga ya zama asibiti. A yi allura, sannan a zaga dangi. Kuma a koma ta biyu da ta uku. Ta farko tana rage haɗarin mutuwa, amma sai an cika uku kariya ke ƙarfi. In an makara, ba a ce an rasa ba. A je da katin, za a ɗora daga inda aka tsaya.

Kun lura kuma da giɓin da ke nan. Daga haihuwa zuwa mako shida jariri ba shi da allurar tarin shiƙa. A Ingila, tun 2012 suke yi wa masu juna biyu allurar, don kariya ta ratsa zuwa ga ɗan da ke ciki. Wadda ake yi wa matanmu a wurin awo ta sarƙewar haƙora da mashaƙo ce, ba ta haɗa da wannan ba. Ina ganin lokaci ya yi da hukumomin lafiyarmu za su duba wannan. Kafin nan, garkuwar jariri sabon haihuwa ita ce mutanen gidansu. Yayyensa su kasance an yi musu allura. Masu tari su ja baya.

Magidanta, yanzu da ku nake. Sau da yawa uwa na son zuwa, maigida ne ke hanawa. Dalilinsa, wancan karon da aka yi yaro ya kwana yana kuka, jikinsa ya yi zafi, cinya ta kumbura. Gaskiya ne, Penta na yin haka. Ba zan ɓoye muku ba. Kwana ɗaya ne ko biyu, ya wuce. Malam, auna kukan dare ɗaya da wata uku na tari. Auna shi da tsayuwa a kan jaririnka kana jiran ya ja numfashi.

Akwai kuma masu tsoron da ya fi wannan zurfi. Na san inda ya samo asali. Mutanen Kano ba su mance 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara ana tsakiyar annobar sanƙarau, abin da ya kai ga shari'a ta shekaru. Wanda ya ji tsoro bayan wannan ba wawa ba ne. Sai dai wancan sabon magani ne ake gwadawa. Wannan kuwa allura ce da ake yi wa yara a Saudiyya, da Masar, da Indonesiya, da ko'ina a duniya. Hakkinka ne ka yi tambaya. Ka je da kanka, ka ga kwalbar, ka tambayi ma'aikaciyar. Amma kada laifin wasu ya sa ka bar ɗanka a buɗe.

An taɓa gwada barin ta, an ga sakamako. A Japan, a tsakiyar shekarun 1970, tsoro ya shiga mutane, suka daina kai yara. Kafin nan cutar ta kusa ɓacewa a ƙasar. Zuwa 1979 mutum fiye da 13,000 suka kamu, 41 suka mutu. Mu ma ba sai mun je nesa ba. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Nijeriya, Kano ce ta fi jin jiki. Ya taɓa Yobe da Katsina da Bauci, ya ɓulla a yankin Damagaram na Nijar. Yawancin yaran da ya kama ba su cika allurarsu ba. Allurar da ke tare mashaƙo ita ce dai mai tare tarin shiƙa. Duk unguwar da mashaƙo ya samu ƙofa, to tarin shiƙa ma ya samu. Bambancin kawai, shi ba a cika gwada shi ba, balle a ƙirga.

Ina kuma da kira ga ma'aikatan lafiya. Uwar da ta taho daga ƙauye da goyo, ta makara da wata biyu, kada a tarbe ta da faɗa. In aka kunyata ta a gaban mata, ba za ta dawo ba. Kada kuma a ce mata yau ba ranar allura ba ce, a bar ta ta juya ba tare da an faɗa mata ranar ba. Hukuma ta tabbatar akwai allurar, akwai sanyin ajiye ta, akwai kuma iskar oksijin a asibitocin da ake tura jarirai. Mun ce wa iyaye su zo. To, su zo su tarar da abin da aka kira su dominsa.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya ja. Ga abin da nake roƙo a daren nan. Uwa, ki ɗauko katin rigakafin ɗanki, ki duba ko Penta ta cika uku. In ba ki iya karantawa, ki ba ɗan makaranta ya duba miki. Maigida, in akwai mai tari a gidanka da ya kai mako biyu, babba ko yaro, gobe ka ba da kuɗin mota. In kuwa akwai jaririn da ya ɗauke numfashi yau, kada ku jira goben. Ku tashi yanzu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Allah ya raya mana zuriya.